Tambaya da Amsa: Ina asalin allunan tarihi na bakin hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Nakan ga hotunan wasu allunan ƙarfe da ake kafawa a bakin titunan Amurka, ɗauke da taƙaitaccen labarin abin da ya taɓa faruwa a wurin. Yaushe aka soma wannan, kuma shin za a iya dogara da abin da ke rubuce a jikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam. A taƙaice, mota ce ta haifi waɗannan alluna. Tun 1867 ake manna allon tunawa a bangon gidajen fitattun mutane a Landan, amma wannan na mai tafiya a ƙafa ne. Da motoci suka yawaita a Amurka cikin shekarun 1920, sai jihohi suka ga cewa matafiyin da aka ba dalilin tsayawa zai kashe kuɗi a yankin. Jihar Bajiniya ta fara kafa nata a 1927, a kan babbar hanya mai lamba 1, kuma ta sa wa kowane allo harafi da lamba, domin direban da ya wuce da gudu ya duba bayanin a ɗan littafin jagora. Karolina ta Arewa ta bi sahu a 1935. Fensilbaniya kuwa tun 1914 take manna tagulla a jikin duwatsu, sai a 1946 ta koma ga alluna masu shuɗin jiki da rubutu ruwan zinare, waɗanda ake iya hangowa daga cikin mota.

Batun dogaro shi ne mai nauyi. Allo ba ya ɗaukar fiye da 'yan layuka, don haka wanda ya zaɓi kalmomin, da wanda ya biya kuɗin, su ke yanke abin da za a tuna. Allunan farko sun cika da yaƙe-yaƙe da gidajen manya, yayin da bayi da 'yan asalin ƙasar ba su cika samun ambato ba, shi ya sa jihohi da dama suke sake bitar tsofaffin rubuce-rubucen a yau. Gyaran ma bai zo da sauƙi ba: allon da aka kafa a Misisipi don tunawa da Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14 da aka kashe a 1955, an sace shi, an kuma yi ta harbin waɗanda suka maye gurbinsa, har a 2019 aka kafa wanda harsashi ba ya hudawa. A ganina, ka fara duba shekarar da aka kafa allon da sunan waɗanda suka kafa shi, galibi a ƙasan rubutun, kafin ka karɓi labarin.