Muryar Malam kan tambayar jif: me ake nufi da "ba ta ba da matsala"?

Na rubuta muryar ne saboda waɗanda ba su samu damar saurare ba. Ga ta kamar yadda ya faɗa.

Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhaji, na ji saƙonka tun jiya, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce jif kake son saya, kuma duk wanda ka tambaya sai ya ce "ɗauki kaza, ba ta ba da matsala", kai kuma kana so ka san da me ake auna wannan amincin. To muryar za ta ɗan yi tsawo, a yi mini haƙuri.

Wanda duk ya ce maka akwai motar da ba ta lalacewa, ko dai bai daɗe da mota ba, ko kuma shi ne mai sayarwa. Ƙarfe ne da roba da waya, dole wata rana wani abu ya gaji. Ni abin da nake tambaya ɗaya ne: idan matsalar za ta zo, sallama take yi ko faɗowa take? Akwai motar da za ta yi wata biyu tana gaya maka. Ka ji ɗan ƙwas-ƙwas a ƙafar gaba in ka hau rami, ka ga ɗigon mai a inda ta kwana, ka ji giya ta ɗan yi jinkiri da safe. Tana ba ka lokaci ka shirya, ka kai ta gareji ranar da ka ga dama, kuma kafin nan tana kai ka tana dawo da kai. Akwai kuma wadda lafiya lau kuka rabu da dare, gari na wayewa sai neman janwe.

Na taɓa riƙe wata jif, ba sai na kama suna ba, irin mai jakar iska a maimakon sifirin. Kai Alhaji, daɗin tafiya kam ba a magana, kamar kana kan katifa. Wata safiya na fito da makulli a hannu, na tarar ta durƙusa ta baya kamar raƙumin da ake shirin ɗora wa kaya, taya ta shige cikin bodi har hannu ba ya shiga tsakani. Na tayar, ina jin famfon iskar yana ta gurnani a ƙasa, minti biyar, minti goma, ko motsi ba ta yi ba. Ashe jakar ta daɗe da tsagewa kaɗan-kaɗan, famfon yana ta aikin cikewa ban sani ba, har shi ma ya gaji. Inji lafiya, giya lafiya, amma mota ba ta fita. A shekarar nan sau ɗaya tak ta yi mini haka. In lissafin yawan matsala za a yi, ai ta ci jarrabawa. Ni kuwa tun ranar ban sake yarda in yi doguwar tafiya da ita da iyali ba.

Wannan ne ya sa nake cewa a yi hattara da alƙaluman da ake turowa a intanet. Kamfanin J.D. Power na Amurka yana tambayar masu motoci 'yan shekara 3, ya ƙirga matsala nawa aka samu a kowace mota 100. Aiki ne mai kyau, amma ɓangaren da aka fi kuka da shi a binciken nasu shi ne na allo da rediyo da haɗa waya da mota. To wanda wayarsa ta ƙi haɗuwa da wanda giyabos ɗinsa ya mutu, kowa ya kawo ƙara ɗaya. Consumer Reports, wata ƙungiyar masu sayen kaya ta Amurka, su kuma suna ba matsalar inji da giya nauyi fiye da ƙananan abubuwa, shi ya sa jerinsu ba ya zuwa daidai da na wancan. Sannan ka lura, motar shekara 3 ai amarya ce. In wadda za ka saya ta haura shekara 10, wancan rahoton bai san ta ba. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na ƙungiyar ADAC ta Jamus, masu zuwa taimakon wanda mota ta mace masa a hanya: shekara da shekaru abin da ya fi kiran su shi ne batir, sama da kashi 40 cikin 100. Batir fa! Abin da duk motar duniya da shi take tashi.

Sai kuma kalmar jif ɗin kanta, ta haɗa dabbobi biyu a garke ɗaya. Akwai mai shasi daban, bodi a ɗore a kansa kamar babbar mota: Land Cruiser, Prado, 4Runner, Patrol. Akwai kuma wadda bodi da ƙashin duk abu ɗaya ne, irin RAV4 da ta fito a 1994, CR-V a 1995, da Highlander wadda asalinta kan ginin Camry aka yi ta. Waɗannan na biyun ƙaramar mota ce aka ɗaga. Ba zagi ba ne. In kwalta za ka riƙa bi, kai yara makaranta, zuwa aiki, tafiya jefi-jefi, sun fi sauƙin mai, sun fi sauƙin taya da birki, kuma za su daɗe. Amma ka ɗora mata lodi ka riƙa dukan burji da ita kullum, shekara biyu ƙafafunta za su fara kuka, ka ce ba ta da aminci, alhali kai ne ka sa jaki aikin raƙumi. Haka wanda ya sayi ƙatuwar mai shasi don zagayen cikin gari, nauyin banza yake ja.

Yauwa, muryar ta yanke, wani ne ya kira. Bari mu shiga maganar suna.

Alhaji, kada ka sayi tambari. Ka sayi inji da shekara. Kamfanin da aka fi yabo ma yana da shekarun da ya yi tuntuɓe. RAV4 mai inji lita 2.4 ta 2006 zuwa 2008 an san ta da shan baƙin mai saboda ringin fistin. CR-V mai 1.5 turbo ta 2017 da 2018, a ƙasashen sanyi fetur ya riƙa gangarawa yana haɗuwa da baƙin mai, musamman ga masu gajerun tafiye-tafiye da injin ba ya samun ɗumi sosai. Pathfinder ta 2005 zuwa 2010, bututun da ke sanyaya man giya a cikin lagireto yakan tsage, ruwa ya shiga man, giyabos ya tafi. Ko a 2024, Toyota ta kira motoci wajen 102,000 su dawo gyara a Amurka, Tundra da Lexus LX 600, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin sabon injin V6 mai turbo biyu tun daga masana'anta. Ba ina ɓata kowa ba ne, duk waɗannan kamfanonin suna da motocin da suka yi suna da gaskiya. Abin lura shi ne, sabon inji ko sabon fasali, shekararsa ta farko da ta biyu masu saye ne 'yan gwaji. Ka dubi 4Runner da aka fara a 2009, har 2024 injinta V6 mai lita 4.0 da giya biyar ba su canza ba. 'Yan jarida suna ta yi mata gori wai ta tsufa, ga shan mai. Gaskiyarsu ne, tana sha. Amma shekara 15 ana abu ɗaya, duk wani aibi an gano shi an toshe.

Kuma ka tambayi kanka, me ya sa ƙungiyoyin agaji da Majalisar Ɗinkin Duniya suke son fararen Land Cruiser 70 ɗin nan? Tun 1984 ake yin ta, har yau ba a daina ba. Injin dizal ɗinta 1HZ, lita 4.2, silinda shida, babu turbo, ƙarfinsa wajen doki 130 ne kacal. Ƙaramar motar zamani ma ta fi shi. Amma inji ne da ba a matsa masa ba, kamar ƙato ne aka ba shi kayan yaro. In ka ɗauki ƙaramin inji ka cusa masa iska da turbo don ya ja tan biyu, zai ja, sai dai zafi da matsin da yake ciki sun fi yawa, kuma ba ya yafe jinkirin canjin mai. Ba na cewa a gudu daga zamani fa. Masu haɗa fetur da lantarki na Toyota, da mutane suka riƙa tsoro, ba su da kik da altaneta irin na sauran motoci, birkinsu ma yana daɗewa don injin lantarki ne ke rage gudu, kuma sun nuna juriya. Abin dubawa shi ne, kowane ƙarin kaya a mota, in ya mutu, motar za ta ci gaba da tafiya ko za ta zauna? Kujera mai ɗumi in ta mutu, ka yi tafiyarka. Jakar iska kuwa, na ba ka labari.

Akwai amincin da ba a jikin motar yake ba, a inda za ta zauna yake. Dizal na zamani suna da matata a salansa mai kama baƙin hayaƙi, wadda aka yi ta don man da sulfa ɗinsa bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin miliyan ba, kuma tana bukatar doguwar tafiya lokaci-lokaci don ta ƙone abin da ta tara. Ka kai ta inda man ba shi da tsabta, ko ka riƙa ɗan zagaye da ita kawai, sai ta toshe, kwamfuta ta rage wa injin ƙarfi, kana taka totur tana rarrafe. A wata ƙasar ita ce zakara, a wata kuma ciwon kai. Haka zancen kayan gyara. Motar da ke lalacewa sau biyu a shekara amma a gyara ta a yini ɗaya, da wadda sau ɗaya take yi amma ta yi sati shida a gareji ana jiran kaya, wace ce ta fi yi maka aiki? Kafin ka biya kuɗi, ka tabbata akwai bakaniken da ya san cikin irin injin, ba mai koyo a kanta ba.

Sauran kuma hannun mai ita ne, kuma nan ne aka fi zaluntar jif. Wasu masu giyar taya huɗu, irin wadda kai kake sakawa da hannu, ba a yi su don busasshiyar kwalta ba. In ka bar ta a ciki kana shan kwana, tayoyin gaba da na baya suna jayayya, ƙarfen ciki ne ke biyan bashin. Masu jan taya huɗu kullum kuma ba sa son a haɗa musu sabuwar taya da suɗaɗɗiya ko girma daban-daban. Man difa da na akwatin raba ƙarfi, mutane sai su shekara goma ba su san da su ba, musamman wanda ya taɓa ratsa ruwa da mota. Injin da ke da bel na taimin, littafinsa ya faɗi lokacin canji, kuma a wasu injinan in ya tsinke fistin da bawul ne za su yi karo. Sai zafi. Allurar nan in ta tashi sau ɗaya aka ce "bari in ƙarasa gida", to gaskit ya riga ya ji a jikinsa, ko ba yau ba.

Saboda haka in ta hannu za ka saya, wadda take gabanka ita ce abin tambaya, ba danginta ba. Ka je da sassafe kafin a tayar da ita, ka taɓa injin da hannunka ka ji sanyi ne. Mai sayarwa in ya riga ya ɗumama maka, akwai abin da ba ya so ka ji. Ka tsaya a baya a tayar, ka ga launin hayaƙi. Ka buɗe murfin baƙin mai ka leƙa, in ka ga kumfa fari-fari ko baƙin dasƙararren datti, ka yi musu sallama. Ka kwanta ka duba shasi da tocila, ka ƙwanƙwasa inda ka ga tsatsa ko sabon fenti. A jona na'urar bincike, tun 1996 motocin kasuwar Amurka suke da soket ɗin da ake jona ta, kuma kada a tsaya a "babu kod", wato babu lambar matsala. A duba ko kwamfutar ta gama gwaje-gwajenta, don in an goge kod jiya za ta nuna ba ta gama ba. Taya ma tana da ranar haihuwa, lambobi huɗu a gefe: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 kuma, a saka ta a shafin kamfanin a ga ko akwai kiran gyara da ba a je ba, musamman jakar kariya daga haɗari ta kamfanin Takata, wadda aka kira miliyoyin motoci a kanta.

To Alhaji, guda ukun da ka ce kana dubawa, turo mini shekarar kowacce da girman injinta da irin giyarta, ka kuma gaya mini hanyar da za ka fi bi da yawan mutanen da za ka riƙa ɗauka. In akwai takardun sabis, ɗauko hotonsu ma. Zan duba da daddare in Allah ya kai mu.