Kwalin ne sabo, wasan tsoho ne

Assalamu alaikum 'yata. Na ga saƙonki, kina tambaya ko wannan ginin kwali da ɗanki ya tsira wasanmu ne na gado ko a waya ya gano, tunda surukarki ta ce shara kawai yake tara muku a tsakar gida.

To, kwalin ne sabo, wasan kam ya girme ni. Mu da kara muka yi. In an gama girbin dawa, kara ya shigo birni a kan jakuna, sai mu ɓare ɓawonsa siri-siri, mu riƙa soka shi a jikin totuwa har mota ta fito, da tayoyinta da wurin zaman direba. Babu ƙusa, babu gam. Da damina kuma taɓo muke kwaɓawa mu gina gida, da zaure da rumbu, 'yan mata na gefe suna tuwon ƙasa da 'yar tsana. Na bayanmu suka koma langa-langa da gwangwanin madara, suna yanka tsohon silifa su yi taya. Yau abin da birni ke zubarwa shi ne kwalin taliya da na sabulu daga kasuwar Singa, shi ya sa yaro ya kama shi.

Ki zauna ki kalle shi wata rana, ba tare da kin sa baki ba. Zai kafa bango ya faɗi, ya sake kafawa, har ya gane da kansa cewa kwali yana ɗaukar nauyi ne in layukan cikinsa suna tsaye, in suna kwance sai ya lanƙwashe. Zai ga rufi mai faɗi yana lotsawa a tsakiya, ya nemi abin tokara. Wannan matsalar ce ta sa maginanmu suke jera azarar giginya, suka kuma ƙago bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, don soro ya yi faɗi bai rufto ba. Ki kai shi Gidan Makama ya ɗaga kai ya ga rufin, ku biya ta ƙofar Gidan Rumfa, wanda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Za ki ga ya dawo yana yi wa gidansa zanko.

Abin da ban so shi ne babba ya karɓe aikin wai zai gyara masa. Motar roba ta kanti ma ba na ƙinta, amma kwana kaɗan take yi yaro ya fasa ta don ya ga cikinta. Kuma in ƙanwarsa ta zo, a bar ta ta gina nata.

Surukarki fa tana da gaskiyarta, kar ki yi musu da ita. Kwalin da ya daɗe a lungu gidan kyankyaso ne da kunama, ga shi da saurin kama wuta. A kakkaɓe shi kafin wasa, a nisanta shi da murhu da maganin sauro na kunnawa, reza kuma ta zauna a hannunki, shi almakashi ya ishe shi. Da an kira magariba a tattara, ya share wurin da kansa. Haka aka yi mana. Ki ware masa kusurwa ɗaya, ki ce Hajiya surukarki ce za ta zaɓa.

Ki gaishe ta, ki gaida maigidan. In kun zo ranar Juma'a ya taho mini da motar in gani.