Amsa ga ɗan uwan da wayar batirinsa ke zafi

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wallahi tunda na ga tambayarka jikina ya yi sanyi, sai da na karanta ta sau biyu, don abin da ka lissafo kaf shi ne ya faru da ni kafin gobara ta cinye min shago. Ka ce batiran sola biyu ne masu 200Ah, wato yawan cajin da kowanne ke riƙewa, an haɗa ja da ja baƙi da baƙi, inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ta bolt 12 ce, wayar da ta taso daga batir zuwa inbata mai kaurin 4mm, kuma da ka jona dutsen guga sai inbata ta hau kuka ta ɗauke, wayar ta yi zafin da ba ta riƙuwa, wai kuma an ce maka ka ƙaro batir na uku. Don girman Allah kar ka saya tukuna, kuma daren nan kar ka kwanta ka bar haɗin nan a kunne.

Ni cajin waya nake yi a bakin layinmu, da ƴar firiza ta ruwan sanyi da zoɓo. Wanda ya haɗa min solar wani ne da aka haɗa ni da shi aka ce gwani ne, na ba shi kuɗin kaya gaba ɗaya ban rage ko sisi ba, har na waya mai kauri ya lissafa a takarda. Da ya zo sai ya sa irin wayar da ake ja wa soket a gida, ya ajiye batiran a can ƙuryar shago inbata kuma a kan kantar shagon, tsakaninsu ya kai mita uku, babu fis babu bireka, ya naɗe bakin da salatef ya tafi. Sati biyu na kira shi na ce malam wayar nan fa tana ɗumi, ya ce ai haka sola take, zafin gari ne. Na sake kira da inbata ta fara kuka ya ce batirana ne suka yi kaɗan in kawo kuɗi ya ƙaro min ɗaya. Ka ji dai, maganar da aka faɗa maka ita aka faɗa min, shi ya sa na kasa wucewa ban yi magana ba.

Cikin azumi ne, goman ƙarshe, ana tsananin zafi. Shago cike da wayoyin mutane don babu wuta a unguwa kwana biyu, firiza na aiki, ƙanina ya zo da kayan sallarsa ya jona dutsen guga, ni kuma na tafi masallaci. Muna cikin tarawihi aka shigo ana kiran sunana. Kafin in iso hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe layin, yaron yana tsaye a waje yana kuka hannunsa ya ƙone don ya yi ƙoƙarin fizge wayar da hannu, ya ce shi dai ya ji wari kamar na roba sai ya ji fat, wayar ta yi ja kamar garwashi tun daga batir har kantar shagon. Waya 31 na mutane suka ƙone. Har yau idan na ji warin roba na ƙonewa gabana faɗuwa yake. Abin da ya fi tsaya min a rai wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu, ƙaramar waya ce ba ta da wata tsada, amma a ciki akwai muryar ɗanta da ya rasu, saƙonnin da yake turo mata, ta zo ta tsaya a bakin shagon ba ta ce min komai ba sai cewa ta yi Allah ya mayar maka da alheri ɗana. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Sauran kuwa har gaban mai unguwa aka kai ni, na sayar da babur ɗina da firizar da ta tsira, wata bakwai ina biyan mutane, wasu suka yafe wasu suka ce sai sabuwa a kwali. Shi kuma mai haɗin da na same shi cewa ya yi ni na yi wa kayan lodi, shi ba ruwansa, daga baya ma ya daina ɗaga wayata, kuma har yanzu yana nan yana haɗa wa mutane, na gan shi da idona a saman rufin wani gida yana ɗaura fanel ɗin sola. Na bar shi da Allah, amma ban yafe kuɗin wayar da ya ci ba, don da ya sa abin da na biya da ba a kai nan ba.

To bari in faɗa maka abin da wani dattijon mai gyaran lantarki ya zaunar da ni ya koya min bayan nan, da biro da bayan kwalin sukari. Mu duk bolt muke tsoro, muna ganin ai 12 ce kawai ko taɓawa ka yi ba ta ja. Amma abin da ke dafa waya karan ne, wato amfiya, yawan wutar da ke bi ta cikin wayar. Bolt kamar tsayin tankin ruwa ne, amfiya kuma yawan ruwan da ke gudu a fayif. Lissafin ɗaya ne, wat daidai yake da bolt sau amfiya. Dutsen guga mai wat 1000 idan a wutar nepa ta bolt 230 ka jona shi, amfiya huɗu da ɗan wani abu kawai yake ja, shi ya sa siririyar waya take isarsa. Amma wannan wat 1000 ɗin idan daga batir na bolt 12 za ta fito, raba 1000 da 12, amfiya 83 kenan, ka ƙara da abin da inbata ke ci da kanta ka ga an haura 90. Waya 4mm kuwa abin da take ɗauka lafiya bai wuce amfiya talatin da ƴan kai ba. Ka ga kana tura mata ninki uku na ƙarfinta. Kuma zafi ba ninki uku zai yi ba, idan karan ya ninka biyu zafi sau huɗu yake ninkawa, idan ya ninka uku sau tara.

Kukan inbatar ma daga nan yake, ba lallai batir ne ya mutu ba. Kowace waya tana da turjiya, ita ce ake aunawa da om, sunan wani Bajamushe ne Georg Ohm da ya fitar da ƙa'idar a 1827, cewa bolt ɗin da ke zubewa a hanya shi ne amfiya sau turjiya. Kuma wuta zagaye take yi, ta fita ta ja ta dawo ta baƙi, idan babu hanyar dawowa ba abin da zai kama, don haka mita uku tsakanin batir da inbata mita shida ne a lissafi. Mita shida na 4mm turjiyarsa kusan om 0.026 ce, kamar ba komai ba ko, to buga ta sau amfiya 80 ka ga sama da bolt biyu sun ɓace a hanya. Batir yana 12.4 inbata tana ganin 10.3, ita kuma yawanci wajen 10.5 take ɗauka batir ya ƙare ta kashe kanta. Waɗannan bolt biyun ba ɓata suka yi a banza ba, su ne suka koma zafi a jikin wayar, sama da wat 160, kamar ka kunna ƙaramar hita a cikin roba. Ka gwada da kanka idan kana da mita, ka sa ta a DC, wato irin wutar batir, ka auna a kan kawunan batir lokacin da lodin ke kai, sannan ka auna a bakin inbata. Idan bambancin ya kai rabin bolt ma akwai gyara. Amma ka yi shi da sauri ka kashe, kuma kar ka ce za ka auna amfiya da ƙaramar mitar nan ta hannu, ita iyakarta 10 ne, kuma idan ka juya ta kan amfiya ka ɗora a kan ja da baƙi shot ka yi, sai dai mita mai baki wadda ake maƙalawa a waya, ita ma mai karanta DC.

Abin da za ka yi, ka matso da inbata kusa da batir, mita ɗaya ko ƙasa da haka, ka sa 25mm ko ma 35mm idan da hali, kuma ta jan ƙarfe zalla. A nan ma ana cutar mutane wallahi, akwai wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, ka sa a yanka maka ka kankare da wuƙa, idan ka ga fari a ciki ka ajiye musu kayansu, a hannu ma za ka ji ba ta da nauyi. Alminiyam kusan kashi 60 cikin ɗari kawai take wucar da abin da jan ƙarfe ke wucarwa. A matse bakin da kan waya na gaske a ɗaure da noti, ba a murɗa a naɗe da salatef ba, don haɗi mai sako-sako shi ma wurin zafi ne, nawa daga nan robar ta fara narkewa har ja ya taɓa baƙi.

Sai fis. Wannan shi ne abin da nake roƙon kowa da ke karanta wannan, ko kun manta duk abin da na rubuta. A sa fis ko bireka ta DC a kan jar waya dab da batir, daidai da abin da wayar ke iya ɗauka, misali 100 ko 125 ga irin naka. Ba irin bireka ta gida ba, ta DC daban take. Batir 200Ah idan ya yi shot yana iya turo amfiya sama da dubu a take, ba makunni ba komai, ba zai tsaya ba sai wani abu ya narke, kuma batir na ukun da ake ce maka ka ƙara a faralel, wato ja da ja baƙi da baƙi, ƙara wa wannan wutar ƙarfi zai yi, wayar kuma tana nan yadda take. Masu cire fis idan ya tsinke su cusa waya ko takardar sigari, ku ji tsoron Allah, tsinkewar ita ce aikinsa.

Wani zai ce maka ka mayar da batiran siris, wato jan ɗaya da baƙin ɗayan, su zama bolt 24. Gaskiya ne a 24 karan ɗin rabi yake komawa, wajen amfiya 42, zafi ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ni ma yanzu 24 nake amfani da ita. Amma inbatarka ta 12 ce, ka ba ta 24 ta ƙone nan take, sai ka canza ta tukuna. Kuma gaskiya ɗan uwa dutsen guga ba abokin ƙaramar sola ba ne, batir 200Ah a takarda wat-awa 2400 ne, rabi kawai ya kamata ka ci idan kana so ya daɗe, ni na koma na gawayi. Firiza kuma lokacin tashi takan ja ninkin abin da aka rubuta a jikinta sau da yawa na ɗan lokaci, kar ka bari ta tashi tare da wani abu mai nauyi.

Idan za ka kwance ka kashe inbata, ka cire fanel daga kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, ka fara cire baƙi, ka cire zobe da agogo, ka naɗe jikin sifana da tef don kar ta haɗa kawunan biyu. Ɗakin ya samu iska don batir mai ruwa yana fitar da gas mai kamawa lokacin caji. Ka ajiye bokitin yashi a kusa, ka gaya wa iyali kar wanda ya watsa ruwa ko ya kai hannu, ƙanina har yau yatsunsa biyu ba sa miƙewa sosai kuma shi ɗinki yake koyo.

Ka ɗauko hoton bayan inbatar da inda wayar ta shiga batir ka turo nan, da abin da aka rubuta a jikin dutsen gugar da firizar, zan duba in sha Allah ko da dare ne. Amma yanzu dai tashi ka je ka kashe ta.