Ƙullin maganin sanyi ya tada Inna cikin kwana biyu, in bar sayen glucosamine?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ni ƴar Birni ce nan Damagaram. Mahaifiyata shekarunta 63, ta daɗe tana fama da gwiwoyi, an yi radiyo, wato hoton ƙashi, an ce artroz ne, guringuntsin ya cinye, har salla a kan kujera take yi. Yayana ya aiko mata da kwalaben glucosamine da chondroitin, ta sha wata uku ba mu ga canji ba. Sai wata maƙwabciya ta kawo mata wani gari a ƙulli, wai na itatuwa ne zalla, ana damawa a kunu. Wallahi kwana biyu ta miƙe, har sujada tana yi, ga cin abinci. Yanzu wata biyu kenan tana sha. Amma likita fuskarta ta cika ta yi zagaye, ƙishirwa ba ta barinta, da dare fitsari ya hana ta barci. Ƴan gida na cewa lafiya ce ta samu, ni dai hankalina bai kwanta ba. In bar sayen na kwalbar mu ci gaba da garin?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma Allah ya yi miki albarka da kika lura. Hankalinki da bai kwanta ba yana da gaskiya. Bari in sallami na kwalbar da sauri don ba shi ne ya dame ni ba.

Glucosamine da chondroitin an gwada su sosai. Babban binciken da aka yi a Amurka, wanda ake kira GAIT, ya fito a 2006, mutum 1,583 masu ciwon gwiwa aka bi kusan wata shida. Waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a cikinta, kusan 60 cikin 100 sun ce sun ji sauƙi, waɗanda suka sha glucosamine ko chondroitin ko duka biyun kuma 64 zuwa 67, kin ga tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Shi ya sa ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka a 2019 ta ce kar a rubuta glucosamine don ciwon gwiwa, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila ma haka ta ce. Kuma ba ya mayar da guringuntsin da ya tafi, duk wanda ya ce miki yana tsiro da sabo talla yake yi. Tunda ta sha wata uku babu labari, ku bar shi, yayanki ya adana jikkunansa. Galibi ba ya cutarwa, sai dai mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya kiyaye, kuma yawancin glucosamine daga ɓawon kaguwa da jatan lande ake yin shi, chondroitin kuma daga guringuntsin shanu ko kifi ko alade, don haka a riƙa karanta jikin kwalba. Kurkum yana ɗan rage zafi ga wasu, a saka a miya ba laifi, amma ƙwayoyinsa masu ƙarfi sun taɓa hantar wasu mutane. Bitamin D sai in an auna an ga ya yi ƙasa.

To yanzu garin. Ƙanwata ki riƙe wannan da kyau, babu saiwa ko ganye ko sassaƙe da zai tada mai artroz daga kujera zuwa sujada cikin kwana biyu, ya buɗe mata ciki, sannan ya cika mata fuska. Abin da ke yin wannan aikin mun san shi, cortisone ne, dexamethasone ko prednisolone, wanda mutane ke cewa dexa, shi ɗin dai da wasu ƴan mata ke sha don su yi ƙiba. Ana daka ƙwayoyin a turmi, sau da yawa a haɗa da magungunan rage zafi irin diclofenac ko piroxicam, a zuba garin citta ko wani sassaƙe don launi da ƙamshi, a ƙulla a leda a ce maganin kaka da kakanni ne. Ban auna naku ba amma alamun da kika lissafa kusan duk sun cika, kuma ni kullum da irin wannan nake kwana nake tashi a wurin aiki. Kar ki ɗauka sai a ƙullin leda ake wannan ha'incin, a 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi kan wani mai suna Artri King, kwalba tsaf da hatimi an rubuta glucosamine da kurkum, da aka auna sai ga dexamethasone da diclofenac a ciki.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda muka yarda cewa in an ce na gargajiya ne to ba ya illa, in kuma ya yi aiki da sauri to shi ne mai kyau. Tsohuwa za ta shigo ana riƙe da ita, fuska kamar wata daren sha huɗu, ciki ya fito, wuya ta baya ya yi tozo, amma ki ɗaga zane ki ga cinyoyi sun tsotse, fatar hannu ta yi siriri da an ɗan taɓa sai jini ya kwanta, ka tambaya me take sha ƴaƴan su rantse ba ta shan komai sai na Hausa, don a wurinsu wannan ba magani ba ne da za a faɗa wa likita. Ka auna tansiyo ya hau, ka auna suga ya hau. Dexa ta fi cortisone ɗin da jiki ke yi da kansa ƙarfi kusan sau 25, kuma mai ƙullin ba shi da ma'auni, yau ya daka goma gobe ashirin. Tana tada ciwon suga ga wanda ba shi da shi, kuma ƙishirwa da fitsarin daren Inna abin da nake tsoro kenan. Tana rarake ƙashi har tsohuwa ta zame a banɗaki ƙugu ya karye, tana iya kashe kan ƙashin ƙugu, tana kawo yanar ido, tana raunana garkuwar jiki har tarin fuka da ya kwanta ya tashi. Naman cinya kuwa, wanda shi ne ke riƙe gwiwa, shi take fara cinyewa, wato gwiwar da aka saya don ita ma tana ƙara lalacewa ana murna. Shi kuma diclofenac in ya haɗu da ita sai gyambon ciki da aman jini, ga ƙoda, mu da muke garin zafi tsofaffinmu ba su cika shan ruwa ba.

Kuma masu sayarwar sun sani. Wanda ya zauna ya ɓare ƙwaya daga takardarta ya daka ya san abin da yake yi, sannan ya ɗau lasifika yana yawo ranar kasuwa yana haɗawa da sunan Allah, maganin sanyi, maganin basir, maganin komai a ƙulli ɗaya. Ba da masu maganin gargajiya na gaskiya nake ba, akwai masu amana. Da wanda ke sayar wa iyayenmu ciwon suga da mutuwar ƙoda nake, in bai ji tsoron hukuma ba ya tuna akwai ranar da za a tambaye shi kowace tsohuwa da ya kwantar. Mu ƴaƴa ma da namu, uwa ta yi ƙiba cikin wata biyu tana da shekara 63 mu ce ma sha Allah ba mu tambayi dalili ba.

Amma don Allah kar ki karanta wannan ki je ki zubar da garin yau. Wanda ya sha cortisone fiye da sati uku, jikinsa ya rage yin nasa, in aka yanke rana ɗaya sai kasala, amai, jiri, tansiyo ya faɗi, ana iya rasa rai. Likita ne zai maye mata da ƙwayar da aka san adadinta ya riƙa ragewa a hankali. Gobe da safe ki kai ta babban asibitin Zinder ko likitan da ya fi kusa da ku kafin ta karya, a auna suga da tansiyo da ƙoda da yawan jini. In kin ga kashinta ya yi baƙi ƙirin, ko tana amai, ko zazzaɓi, ko ta fara ruɗewa, kar ki jira goben.

Ki shirya, in an janye ciwon gwiwar zai dawo, ƴan gida za su ce likita ya hana ta maganin da ya karɓe ta. Abin da ke taimakon artroz da gaske ba a kwalba yake ba. In tana da jiki, kilo 1 da ta rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Ta zauna kan kujera ta miƙe ƙafa ta riƙe ta ƙirga goma ta sauke, sau goma kowace ƙafa, safe da yamma, in da hali ku ga kine, wato likitan motsa gaɓoɓi, ya ƙara mata wasu. Tafiya kaɗan da sanyin safiya a fili, ba kan duwatsun Birni ba. Sanda kuma ta riƙe ta da hannun ɗaya gefen, ba na gefen gwiwar da ta fi ciwo ba. Ta bar tsugunno da zama kan ƴar kujerar tsakar gida, a samo mata kujerar banɗaki, salla kuma a zaune ta halatta ga mai lalura, kar kowa ya sa ta jin kunya. Don zafi akwai paracetamol, kar ta wuce giram 3 a yini, da diclofenac na shafawa daga farmasi in likita ya ga gwajin ƙodar ya amince.

Ki tafi da sauran ƙullin da kwalaben yayanki duka a leda ɗaya, ki faɗa wa likitan ranar da ta fara sha da cokali nawa take zubawa. Maƙwabciyar nan ma ki je ki duba fuskarta, in ita ma sha take ku tafi tare.