Tambayi Likita: Ɗiyata ta zaɓi fatoloji, ko likitan gawa za ta zama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ɗiyata ta ƙare karatun likita nan Danfodiyo, ta yi hawus job, wato aikin shekarar farko na sabon likita a asibiti, ta yi bautar ƙasa, munka ce Alhamdulillahi mun samu likitar mata cikin gida. Kwatsam sai tac ce wai ita fatoloji za ta yi, can cikin lab, kuma wai sai ta ƙara shekara biyar ko shidda. Ƙanen babanta har yac ce ai likitan gawa ke nan. Don Allah mi ne ne wanga karatu, kuma wa ka biyan kuɗin shi?
Wata uwa daga Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah shi ƙara girma. Ki kwantar da hankalinki, ɗiyarki likita ce cikakkiya kuma ba inda likitancin zai je, abin da za ta shiga shi muke kira rezidensi, wato horon ƙwarewa, irin wanda likitan mata da likitan fiɗa da na yara duk suke yi kafin a kira su konsoltan. Kuma ba makaranta ba ce da za ki sake kwance bakin zani, aiki ne a asibitin koyarwa irin UDUTH na jami'ar Danfodiyo, ana biyanta albashi duk wata tana koyo. Kuɗin jarabawa da na kwasa-kwasai kam akwai su kuma suna da ɗan ciwo, amma akwai doka ta 2017 kan horon da ta tanadi tallafin gwamnati na wannan.

Ba jami'a ke ba da shaidar ba, kwaleji biyu ne: ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas wadda aka kafa a 1979, da kuma ta likitocin Afirka ta Yamma. Mutum na iya bin guda, wasu masu ƙarfin hali su haɗa duka biyun. Matakala uku ce. Ta farko jarabawar share fage, mu dai Firamaris muke ce mata, yawancin asibitoci sai da ita suke ɗauka. In an ɗauke ta za ta yi kamar shekara biyu zuwa uku tana ƙaramar rezida, wato likita mai wannan horo, sannan ta zauna jarabawa ta biyu, Fat Wan, wadda wallahi ita ce mai kada mutane, akwai rubutu akwai aikin hannu akwai ta baki inda manya za su sa ta gaba da tambayoyi, in ba a dace ba sai a jira zama na gaba tunda sau biyu ake yi a shekara. Ta haye nan ta zama siniya rejistara, wato babbar rezida, wasu shekara biyu zuwa uku, a nan za ta yi bincike nata na kanta ta rubuta kundi ta je ta kare shi a jarabawar ƙarshe, Fat Tu. Shekara biyar ko shiddan da ta faɗa miki ke nan, in babu faɗuwa babu yajin aiki.

Shi fatoloji kuma, wato ilimin gano cuta ta hanyar gwaji a lab, gida huɗu ne a nan Nijeriya, a farkon horo ana zagayawa da su wasu watanni a kowane kafin mutum ya zauna a nashi. Akwai ɓangaren jini, su ke ganin masu sikila da kansar jini kuma su ke kula da bankin jini, waɗannan har kilinik suke yi suna kwantar da marasa lafiya. Akwai na sinadaran jiki, su suga da gwajin ƙoda da hanta. Akwai na ƙwayoyin cuta, lokacin sanƙarau irin wanda ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017 su ake kai ma ruwan da aka zuƙo daga gadon baya su faɗi wace ƙwaya ce. Sai na huɗu, na duba tsoka, wanda shi ne baffanta ya ji labarinsa rabi.

Bari in ɗan tsaya a nan don shi mutane ba su gani. A ce an cire ma mace ƙullutu a nono. Za a sa shi cikin ruwan fomalin, wani ruwa mai yajin da ke sa ido hawaye, a kai lab. Rezida ce za ta sa safar hannu ta auna shi da rula, ta faɗi launinsa da taurinsa, ta yayyanka ta zaɓi wuraren da take zargi. Sai a dasa su cikin kakin kyandir ya daskare, a shafto da inji siriri ƙwarai, fatar albasa ma ta fi shi kauri nesa ba kusa ba, a ɗora kan ɗan gilashin da muke ce ma silaid a rina shi da rini biyu, ɗaya shuɗi-shuɗi ɗaya ruwan hoda. Shi za ta sa a maikuroskof, madubin da ke ƙara girman abu, ta rubuta abin da ta gani, sannan ta zauna da konsoltan su sake dubawa tare, ya gyara mata, wani lokaci ya ce tashi ki koma ki karanto. Haka kullum, silaid bayan silaid, har ido ya saba. Kuma wannan takardar da za a sa ma hannu ita likitan fiɗa ke jira kafin ya ce a cire nono ko a bar shi, ko a fara kimo, wato maganin kansa. Mu nan ma da tsagiya ta yi yawa a garuruwan bakin gulbi, kansar mafitsara ba baƙuwa ba ce, duk ta wannan hanya ake tabbatar da ita.

Abin da ke ci min rai, na taɓa ganin an miƙa ma dangi ƙullutu a kwalba a wani asibiti an ce su kai lab, sai suka ga ai an riga an cire ciwo mi za a kashe kuɗi a kai, suka je gida suka rufe shi. Bayan wata takwas matar ta dawo, abu ya tsiro ya fi da, ba wanda ya san da mi ake faɗa.

Zancen gawa kuwa ba zan ɓoye miki ba, yana cikin horon mai duba tsoka, dole ta koyi binciken musabbabin mutuwa. Amma kin san mu nan da an cika ake wanka a yi sutura, ba a cika yarda a taɓa mamaci ba sai in magana ce ta 'yan sanda ko kotu, shi ya sa ma rezidodinmu kan tafi wasu asibitocin kudu na ɗan lokaci su cike adadin da kwaleji ke nema. Mafi yawan aikinta na masu rai ne. Ki tambaye ta wane gida cikin huɗun take so, in na jini ne ko na ƙwayoyin cuta to sai ki ba baffanta amsa da kanki.

TAMBAYA: Likita ni ɗan aji uku ne a kimiyyar lab, in na gama zan iya shiga rezidensi in zama fatolojis?
Ɗalibi daga Gwadabawa

AMSA: A'a ƙanena, hanyar daban ce. Rezidensi sai mai digirin likita na MBBS da rajistar hukumar likitoci ta MDCN. Kai digirinka BMLS ne na shekara biyar, hukumarku MLSCN, kuma kana da taka matakalar ta mastas da dokta. Lab ɗaya za ku zauna dai da fatolojis, silaid ɗin da yake dubawa ma daga hannunka zai fito, in ka yanka shi da kauri ko rini bai kama ba to ranar ba ya ganin komai.