Amsa ga mai tambaya kan ƙwanƙwasa jiki don rage damuwar aiki

'Yar uwa, kin tambaya ko ƙwanƙwasa fuska da ƙirji da yatsu, wanda ake kira EFT, yana rage damuwa da gaske ko kuwa zancen intanet ne kawai. Ni kusan shekara uku ke nan ina yi, bari in faɗa miki abin da na gani.

Aikin lissafin kuɗi nake yi, ƙarshen wata kuwa ba a magana. Akwai lokacin da ko sunan shugabanmu na gani a waya sai gabana ya faɗi, kafaɗuna su sandare, dare ya yi barci ya ƙaurace min. Wata abokiyar aiki ce ta nuna min, na yi mata dariya. Ranar da aka dawo min da rahoto har sau biyu na keɓe kaina na ce bari dai in gwada, ai ba kuɗi zan biya ba.

Da farko ki auna damuwar daga 0 zuwa 10. Sai ki riƙa bubbuga gefen tafin hannu, ɓangaren ƙaramin yatsa, kina faɗin abin da ke cin ki, kamar: "Duk da ina tsoron a tsawata min a gaban mutane, na yarda da kaina." Sau uku. Daga nan da yatsu biyu, a hankali, kamar sau bakwai a kowane wuri: farkon gira, gefen ido, ƙasan ido, ƙasan hanci, tsakanin leɓe da haɓa, ƙasan ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa, ƙasan hammata, sai tsakar ka. Ki ja numfashi, ki sake aunawa. Nawa yakan sauko daga takwas zuwa biyar, wani lokacin kuma ko gezau.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, "ina cikin damuwa" ba ya min komai. Sai na kira abin da sunansa. Sau da yawa ina tsakiyar bugun nake gano ashe ba yawan aikin ne ya dame ni ba, kunyar a ga kuskurena ce.

Batun ko wuraren nan suna da wani sirri, nan ne ban yarda ba. Gary Craig, Ba'amurken da ya yaɗa hanyar a shekarun 1990, injiniya ya karanta, ba likita ba ne, kuma ya sauƙaƙa abin da ya koya ne daga Roger Callahan, wani masanin halayyar ɗan Adam. Sun ɗora bayaninsu kan hanyoyin kuzari na maganin gargajiyar Sin, hanyoyin da kimiyya ba ta gano su a jiki ba. A 2003 wasu masu bincike, Waite da Holder, sun tara masu fama da tsoron wani abu, suka sa wasu su buga wuraren da aka ce, wasu su buga wurare na daban a hannu, wasu ma 'yar tsana suka buga, duka kuma tsoronsu ya ragu kusan daidai. A ganina abin da ke aiki shi ne tsayawar da kika yi, da faɗin matsalar a fili, da numfashin da ya lafa.

Ki sani fa, ba ya rage takardun da ke kan tebur. Sai da na zauna da shugaban namu muka raba aikin kafin barcina ya dawo sosai. Kuma idan kin yi makonni ba barci, ko numfashi na sarƙe miki, ko wani tsohon abu mai ciwo yana taso miki in kin fara, ki je ga likita, kada kuma ki ajiye maganin da aka rubuta miki saboda wannan. Masu sayar da kwas mai tsada ki bar musu kayansu.

A wurin taro ba na taɓa fuska, kada a ce na zare. Gefen hannu kawai nake bugawa a ƙarƙashin tebur.