Amsa ga Hajiya: dalilin da ya sa bitar shugabanci ba ta canza ofis

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, 'yan'uwa na wannan zaure. Hajiya, na saurari saƙonki, inda kika ce ma'aikatarku tana kashe kuɗi duk shekara wajen tura shugabannin sassa bitar koyon shugabanci, su dawo da takardar shaida, amma kafin wata ya zagayo ofis ya koma yadda yake, kuma kika tambaya ko ilimin nazarin halayyar ɗan'adam yana da abin cewa a kan haka. Lalle yana da shi, kuma ina roƙon a yi haƙuri da ni, domin maganar tana da ɗan tsawo.

A ganina, rashin sani ba shi ne matsalar yawancin shugabanninmu ba. Da wuya ki samu daraktan da bai san cewa ya kamata ya saurari na ƙasa da shi ba, ko ya yaba wa wanda ya yi ƙoƙari. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin niyya da aikatawa, musamman ranar Litinin da safe, lokacin da fayil ya taru a kan tebur kuma ana kiran mutum daga sama. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya daɗe yana nazarin wannan giɓi, kuma a 1999 ya bayyana cewa mutum ya fi cika niyyarsa idan ya ɗaure ta da wani lokaci ko yanayi takamaimai. Wanda ya fito daga bita yana cewa zai riƙa sauraron ma'aikatansa bai ɗauki wani nauyi ba tukuna. Wanda ya ce idan aka zauna taron mako ba zai faɗi ra'ayinsa ba sai mutum uku na ƙasa sun yi magana, shi ne ya ba kansa abin da zai iya yi, kuma abin da kowa zai gani ko ya yi ko bai yi ba.

Akwai shaida daga maƙwabtanmu. A birnin Lome na ƙasar Togo, masu bincike na Bankin Duniya tare da Farfesa Michael Frese sun raba masu ƙananan sana'o'i 1,500 gida uku. Kashi ɗaya aka koya musu darussan kasuwanci da aka saba, irin su lissafin kuɗi da talla. Kashi na biyu aka horar da su a kan ɗabi'ar fara abu da kai ba tare da jiran umarni ba, da hangen matsala tun kafin ta zo, da jurewa idan an ci karo da cikas. Kashi na uku ba a koya musu komai ba. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna ribar kashi na biyu ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, ta masu darasin da aka saba kuwa ta ƙaru da kashi 11, wanda ma bai kai matsayin da za a tabbatar cewa ba dace ba ne. 'Yan kasuwa ne, ba ma'aikatan ofis ba, amma darasin ya shafe mu, domin awannin koyarwar ɗaya ne, abin da aka sa a gaba ne ya bambanta.

Sai batun gyara da tantance ma'aikaci, wanda a nan ne nake ganin muke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. A 1996, Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje a kan abin da ke faruwa idan aka gaya wa mutum yadda aikinsa yake. A jimlace aikin yakan gyaru, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku na gwaje-gwajen, aikin lalacewa ya ƙara yi. Bayanin da suka bayar shi ne, duk lokacin da maganar ta bar aikin ta koma kan mutumin, hankalinsa yakan tafi wajen kare mutuncinsa. Idan kika ce wa magatakarda ba shi da natsuwa, zai kwana yana tunanin ko wa ya kai ƙararsa. Idan kuwa kika nuna masa cewa rahoton ya zo ba kwanan wata kuma jimillar shafi na biyu ba ta dace da ta ƙarshe ba, gobe zai gyara. Fom ɗin APER na tantance aikin ma'aikaci da muka saba cikawa sau ɗaya a shekara bai taɓa ba da damar wannan ba, tunda kowa ya san da shi ake duba ƙarin girma, kuma shugaba ba ya son a ce shi ya tare wa wani abincinsa, sai a ba kusan kowa maki mai kyau a wuce.

Abin da na fi so ki riƙe, Hajiya, shi ne aikin Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard. Ta shiga asibitoci a Amurka tana nazarin kurakuran ba da magani, tana zaton rukunin ma'aikatan jinya da suka fi samun shugabanci nagari su ne za a samu da ƙarancin kuskure. Sai alƙaluma suka nuna akasin haka, wato su ne aka fi rubuta wa kurakurai. Da aka zurfafa bincike sai aka gane cewa su ne ba sa tsoron faɗa idan sun yi, sauran kuwa rufewa suke yi saboda gudun wulaƙanci. Daga nan ta gina bayaninta na 1999 a kan kwanciyar hankalin da ke sa ma'aikaci ya yi tambaya, ko ya ce bai gane ba, ko ya kawo labari marar daɗi. Kamfanin Google ma, da ya fara nazarin rukunonin ma'aikatansa kimanin 180 a 2012, wannan ya samu a kan gaba cikin abubuwan da suka bambanta rukuni mai nasara da saura.

Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin mun taso da tarbiyyar cewa ƙarami ba ya musu da babba, kuma ni ba na cikin masu cewa a zubar da wannan ladabi. Sai dai a ofis yana da tsada. Shugaba ya tambayi yadda aiki ke tafiya, a ce masa, ranka ya daɗe, komai lafiya, alhali kowa a ɗakin ya san ɗan kwangila bai zo wurin aiki ba tun makon jiya. Tunda na ƙasa ba zai fara ba, nauyin buɗe ƙofar yana kan na sama. Ya canza irin tambayarsa, ya ce me zai iya hana mu gamawa a kan lokaci, ya kira sunan mafi ƙanƙanta ya fara amsawa. Sannan ya lura da fuskarsa da harshensa a ranar da aka fara kawo masa matsala, domin ranar ce duk ofis yake zuba ido, kuma tsawa ɗaya a gaban jama'a ta isa ta rufe bakin mutane na tsawon watanni.

Game da yawan sa ido kuma, Imran Rasul da Daniel Rogger sun duba ayyuka kusan 4,700 a hukumomi 63 na gwamnatin tarayyar Najeriya, suka wallafa a 2018 cewa inda ake ba ma'aikata 'yancin yanke shawara an fi kammala ayyuka, inda kuma aka fi dogara da sa ido da lada an fi samun ƙarancin kammalawa. Alaƙa suka gano, don haka kada a ɗauka cewa a daina bibiya ke nan. Haka kuma babu wata dabarar halayya da za ta maye gurbin albashin da ba a biya ba, ko ƙarin girman da aka ba wanda bai cancanta ba.

Saboda haka shawarata a bitar bana ita ce a rage kwanakin otal, a ware wani ɓangare na kuɗin domin bibiya. Kowane shugaban sashe ya fito da ɗabi'a ɗaya ko biyu kawai da zai canza, a rubuce, da lokacin da zai yi su, ya kuma karanta wa ma'aikatansa da bakinsa. A haɗa su biyu-biyu su riƙa tuntuɓar juna duk mako. Bayan wata uku, a tambayi na ƙasa, ba tare da sun rubuta suna ba, ko sun ga canji, a kuma ƙirga matsalolin da aka kawo tun kafin su girma. Idan adadin ya ƙaru a farko, ki shirya yi wa shugaban hukumarku bayani tun da wuri, domin kada ya ɗauka aiki ne ya lalace ya hukunta waɗanda suka fara magana. Allah ya taimake ki a kan wannan aiki. Wassalamu alaikum.